Sana'ar Tsara Filaye: Nasiha ga Ɗan Kagarko da Ya Fito Jami'a

Daga cikin fannonin ilmi da jami'o'in ƙasar nan ke koyarwa akwai wani wanda galibin mutanenmu ba su san da zamansa ba, alhali kuwa kullum suna cin moriyarsa ko suna shan wahalar rashinsa, wato ilmin tsara filaye: sanin inda ya kamata hanya ta bi, da inda ruwan sama zai gangara ba tare da ya ci gindin gini ba, da irin itacen da za a dasa, da kuma wanda aka tarar a wurin da bai halatta a sa masa gatari ba. Mai zanen gini huruminsa bango ne da rufi. Amma abin da ke tsakanin gini da gini, tun daga farfajiyar makaranta da harabar asibiti har ya zuwa bakin rafi da filin idi da maƙabarta, wannan amana ce da ke wuyan mai tsara fili.

Magabatanmu ba su jahilci asalin abin ba, domin waɗanda suka gina ganuwar Kano sun kewaye gonaki da tafkuna da duwatsun Dala da Goron Dutse a cikinta, kuma Musulmin Andalus sun bar lambuna a Garnaɗa da har yau ake zuwa kallon yadda suka sarrafa ruwa a cikinsu. Amma zamansa sana'a mai ijaza ya samo tushe ne daga Amurka, inda Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux suka ci gasar zana babban lambun tsakiyar birnin New York a 1858, sa'an nan Jami'ar Harvard ta fara koyar da fannin a 1900. Shi Olmsted ɗin nan kuwa, abin lura, manomi ne kuma ɗan jarida kafin ya shiga wannan aiki.

Mutumin Kagarko ba ya bukatar ƙetare teku domin ganin misali, tun da yake ƙaramar hukumarsa ta yi iyaka da Abuja ta wajen Bwari. Sa'ad da aka yanke shawarar ƙaura da babban birni a 1976, cikin kamfanonin da suka haɗu suka fitar da babban tsarin birnin a 1979 har da na Ian McHarg, wani shaihin malami a wannan fanni, wanda tafarkinsa shi ne a zana taswirar ƙasa daban, ta gangare daban, ta ruwa daban, ta itatuwa daban, a ɗora su bisa juna, kana a ga inda ƙasar da kanta ta yarda a yi gini da inda ta hana. Da irin wannan hikima aka ware kwarin rafuka da kan duwatsu a bar su kore. Inda kwaɗayin fuloti ya rinjayi tsarin aka gina a bakin rafi, ambaliya takan zo da damina ta ba da hukuncinta.

To, wanda ya yi nufin shiga, hanyar da aka fi bi a Nijeriya ita ce ya fara da digiri a zanen gini, ko tsara birane, ko wani fanni makusanci, sa'an nan ya yi digiri na biyu a tsara filaye, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Legas ke bayarwa. Akwai kuma ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa, SLAN, wadda ya kyautu ɗalibi ya kusance ta tun bai gama ba.

Sai dai fa takarda ba ta ciyar da mai ita a ranar da ya karɓe ta, kuma a nan ne da yawa ke karaya. Ofisoshin da suka keɓanta da wannan aiki kaɗan ne, saboda haka yawanci saurayi yakan fara ne a ƙarƙashin mai zanen gini ko ɗan kwangila, kuma in zai samu a tura shi irin wannan wuri lokacin bautar ƙasa, ya ci riba. Shekarun nan na farko, a ganina, na almajirci ne, kada ya raina su: a cikinsu zai koyi karanta takardar safiyo, da lissafin tifa nawa ta ƙasa za a kwashe ko a cike, da rubuta ƙiyasin kuɗi wanda ba zai kunyata shi a gaban mai aiki ba, da mu'amala da birkila da lebura waɗanda ba ruwansu da kyan zanen da ya fitar a kwamfuta matuƙar bai iya tsayawa cikin rana ya nuna musu inda lambatu zai bi ba. Ya riƙa ɗaukar hoton kowane aiki kafin a fara, da bayan an gama, da kuma bayan damina ta wuce a kansa, domin hoton nan na uku shi ne shaidar da mai hankali ke nema.

A nan ne nake ganin ɗan Kagarko ya fi takwaransa da ya tashi a birni rabo. Wanda ya girma yana ja wa citta kunya, yana rufe ta da ciyawa domin ƙasa ta riƙe laima, ya riga ya san rabin abin da ake koyarwa game da zaizayar ƙasa. Ya san maɗaci da ɗorawa da kaɗanya da maje, ya san wanda ke jure rani da wanda saiwarsa ke fasa daɓe. Ga ƙasar noma, ga damina mai tsawo, ga Kogin Gurara wanda daga madatsarsa ake tura ruwa zuwa Abuja, ga kuma titin Kaduna zuwa Abuja da tashar jirgin ƙasa a Jere. Duk wanda ya lura da masu sayar da fulawa da dashe a gefen titunan Abuja ya san kasuwar tana nan. In mai ilmi ya kafa wurin renon itatuwan gida a Kagarko, ya haɗa zane da sayar da dashe da yarjejeniyar kula da wurin bayan an dasa, to ya sami abin da zai riƙe shi tsakanin wannan kwangila da waccan.

Akwai kuma aikin hukuma, kamar shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Gyaran kwazazzabo da kare bakin rafi da ciyawar jema aikin mai tsara fili ne tsantsa, ko da yake sai ya iya gabatar da kansa, domin injiniyoyi da malaman daji sun riga shi zama a kan tabarmar.

Wata fitina da zai gamu da ita ita ce mai gida wanda ya ga hoton wani lambu na Ingila ya ce lalle sai irinsa, a shimfiɗa ciyawar da ba ta rayuwa sai an kwarara mata ruwan burtsatse safe da yamma tun daga Nuwamba har Maris. Wannan israfi ne, kuma wajibin mai ilmi ne ya faɗa da ladabi, ya kawo madadin da zai ba da inuwa ba tare da shanye rijiya ba.

Ku kuma shugabannin ƙaramar hukuma, da kwamitocin masallatai da coci-coci, da masu makarantu a Kagarko da Jere, in za ku yi gini, ku kira mai tsara fili tun ranar da safiyo zai kafa turaku, kafin katafila ta tumɓuke ɗorawar da ta shekara hamsin a wurin. Kiransa bayan an gama fenti domin ya jera fulawa a bakin ƙofa ɓarnar kuɗinku ce da ta ilminsa.