Gyaran Cefane: Yadda Ake Fara Komawa ga Abinci Ɗan Asali a Yamai

Da hantsi, kafin rana ta yi ƙarfi, wanda ya bi ta wajen Petit Marché a birnin Yamai zai tarar da kaya iri biyu suna fuskantar juna. Ga tiren tumatir da kabeji da latas da aka tsinko daga lambunan bakin kogi, ga albasar Galmi, ga tattasan Diffa, ga ƙullin ganyen zogale. Daura da su kuma tebura ne cike da taliyar leda, da dunƙulen ɗanɗano, da madarar gwangwani, da biskit, da lemon kwalba. Gobarar shekarar 2012 ta cinye kasuwar, masu kayan miya suka bazu a kewaye, amma har yau sunan na nan, kuma matan gari na zuwa wannan yanki yin cefane.

A nan ne uwargidan da likita ya ce wa maigidanta ya rage gishiri da sukari take tsayawa da kwando a hannu, tana tunanin ta ina za ta soma. Mutane da dama sun ɗauka abincin lafiya sai a manyan kantuna, sai mai albashi mai kauri. Alhali abin da masana ke nufi da shi mai sauƙi ne: abincin da ya iso tukunya kusan yadda ya baro gona. Gero, dawa, wake, gyaɗa, ganye, 'ya'yan itace, ƙwai, kifi da nono duk suna cikin wannan sahu.

Wani masani ɗan ƙasar Brazil, Carlos Monteiro, ya fito da tsarin rarraba abinci bisa yawan sarrafawar da aka yi masa a masana'anta. A wani binciken da aka wallafa a shekarar 2019 kuma, masu bincike a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Kevin Hall, suka gwada mutum 20. Mako biyu aka ba su abincin masana'anta, mako biyu aka ba su wanda ba a sarrafa ba, aka bar kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta, a matsakaici sun riƙa ƙara kalori kusan 500 a rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. A makonnin ɗaya abincin kuwa, nauyin ya ragu. Ɗaya daga cikin dalilan da ake zato shi ne, abincin masana'anta laushi gare shi, ana haɗiye shi da sauri kafin ciki ya sanar da ƙoshi.

Mai farawa ba sai ya juye kicin ɗinsa a rana guda ba. Wanda ya yi haka yakan gaji kafin wata, yara su yi bore, a koma gidan jiya. Ya fi kyau a ɗauki abu ɗaya, a saba da shi, sannan a ƙara wani.

Wuri mafi sauƙin farawa shi ne hatsi. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi noman gero a duniya, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 domin gero da danginsa. Duk da haka, a gidaje da yawa na birni farar shinkafar waje da taliya sun ture tuwo gefe. Ana iya mayar da tuwon gero ko na dawa sau biyu ko uku a mako, a kuma sassauta surfe, domin a cikin dusar nan ne harza da sinadarin ƙarfe suka fi taruwa, kuma harzar ce ke sa sukari ya shiga jini a hankali. In shinkafar ce dole, a haɗa ta da wake rabi da rabi. Bayan Najeriya, babu ƙasar da ta kai Nijar noman wake, kuma tiya guda tana ciyar da gida kwanaki a kuɗin da bai kai na kilon nama ba.

Sai ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a kullum. Mutanen Yamai ba baƙi ba ne a wannan fage: kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wanda Zabarmawa ke kira kopto, da dambun zogale, abinci ne da ake samu a kusan kowace unguwa. Abin da ake buƙata kawai shi ne a rage man da ake malala musu. Yakuwa, rama, lalo, kuɓewa da kuka su ma suna cikin lissafi. Lokacin sanyi kayan lambu kan yi araha, sai a ci ɗanye a kuma shanya na gaba. Lokacin zafi mangwaro ya cika gari. Latas da tumatir da za a ci ɗanye a wanke su sosai da ruwa mai tsabta, gyaɗar da ta yi fumfuna kuma a zubar, domin gubarta na cutar da hanta.

Gishiri da sukari su ne masu wuyar rabuwa. Hukumar ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma kusan rabin dunƙulen ɗanɗano gishiri ne. Mai jefa huɗu a miya ta koma uku, bayan mako biyu ta koma biyu, ta cike gurbin da daddawa, tafarnuwa, citta, albasa da busasshen kifi. Harshe na sabawa cikin 'yan makonni. Gwangwani ɗaya na lemon kwalba kuwa na ɗauke da sukari wajen giram 35, alhali iyakar da aka shata wa babba ba ta wuce giram 50 a yini ba. Zoɓo, ruwan tsamiya ko fura da nono da aka dama a gida sun fi, muddin mai damawa ta riƙe hannunta wajen zuba sukari. Masu shan shayi zagaye uku su ma su duba yawan da suke zubawa, su kuma ba da tazara bayan cin abinci, saboda shayi na rage yadda jiki ke zuƙar sinadarin ƙarfe.

Mai ciwon sukari ko hawan jini da ke shan magani ya sanar da likitansa kafin ya sauya abinci sosai, don a daidaita masa magani. Sauran mutanen gida kuwa suna iya farawa daga cefanen gobe: tiyar wake, ƙullin zogale biyu, daddawa, da dunƙule ɗaya ƙasa da na jiya.