Sayen motar shiga daji ta hannu a Potiskum: abin da mai ƙaramin ƙarfi zai duba kafin ya biya

Garin Potiskum da ke Jihar Yobe ya yi suna da kasuwar shanu, wadda ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, da kuma harkar manyan motoci. Sai dai kwaltar da ta ratsa garin daga Kano zuwa Maiduguri ba ta kai wa kowa inda zai je. Fataken dabbobi da manoma da masu sayen hatsi a ƙauyukan Fika da Nangere da Jakusko kan yi fama da taɓo da damina, masu nausawa arewa zuwa Yusufari da Machina kuma da rairayi. Ga irin waɗannan mutane, mota mai ja da tayoyi huɗu kayan aiki ce.

Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, sabuwar Hilux ko Land Cruiser ta fi ƙarfin mafi yawan masu buƙata. Abin da ya rage shi ne ta hannu, ko wadda aka shigo da ita daga waje, ko wadda ta riga ta yi aiki a cikin gida.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin masu saye shi ne ɗaukar kowace mota mai tsayi a matsayin ta daji. Motoci irin su 4Runner da Pathfinder da Xterra, har da Hilux ɗin kanta, ana ƙera wasunsu da jan tayoyin baya kaɗai, alhali jikinsu iri ɗaya ne da masu ja da huɗu. Akwai kuma waɗanda aka ƙera da huɗun, amma da na'urar ta lalace sai aka kwance sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin gaba, aka ci gaba da tuƙi. A kan kwalta ba a gane bambanci. Don haka wajibi ne mai saye ya zo da bakanikensa, ba wanda dillali ya kawo ba, a shiga ƙarƙashin motar a ga sandar da ido. Daga nan a fita bayan gari a gwada ta cikin yashi, a sa ƙaramar giyar ƙarfi a ji ko tana shiga tana fita ba gardama. Gwajin a kan busasshiyar kwalta yana iya yi wa na'urar illa, musamman in ana karya kwana.

Tunda an riga an shiga ƙarƙashi, sai a ƙwanƙwasa shasi. Motocin da suka fito daga yankunan sanyi na Amurka da Kanada sun sha gishirin da ake zubawa a hanya don narkar da ƙanƙara, kuma tsatsar da yake haifarwa kan ɓuya a bayan sabon baƙin fenti. Inji ana iya sauya shi, amma ruɓaɓɓen shasi ba ya ɗaukar buhunan wake.

Batun takardu ma ba na wasa ba ne. Gwamnatin Tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu, 2017, kuma Hukumar Kwastam na da ikon kama motar da ba a biya mata haraji ba, ko da ta sauya hannu sau da dama. Lambar shasin da ke jikin mota dole ta dace da ta takardar kwastam da ta rajista, harafi da harafi. Farashin da ya yi araha fiye da kima sau da yawa a nan matsalarsa take.

Ya kamata kuma a bar wani kaso na kuɗin a aljihu. Tayoyi huɗu na irin waɗannan motoci, da sauya baƙin mai da gyaran birki da la'adar dillali, duk suna jiran mai saye a makon farko. A nan ne tsohuwar Toyota ke shan gaban motocin Turai da suka fi ta kyau da araha: kayan gyaranta na samuwa a Potiskum, in an rasa a aiko daga Kano, kuma bakaniken ƙauye ya san cikinta.