Kiwon Ɓeran Masar a Cikin Gida: Ɗakinsa da Abincinsa

A unguwannin garin Jos masu yawan jama'a, irin su Nasarawa Gwom, akan sami yara suna kiwon ɓeran Masar a tsakar gida. Yawanci yaro kan tara 'yan kuɗinsa ya sayo mace da namiji, ya sa su a cikin kwali a bayan madafa. Da damina abin sai sambarka, ciyawa ko'ina, dabbobin su yi ƙiba har su haihu. Amma da zarar hunturu ya sauko, sai a ga sun fara ramewa, suna jan ƙafa, kafin watan Janairu ya fita a wayi gari babu ko ɗaya. Yaro ya yi ta kuka, manya su ce ai dama ba su da ƙarko. To, ba haka maganar take ba. Ɓeran Masar da ya sami kulawa yakan yi shekara 5 zuwa 7 a duniya. Abin da ke kashe shi a gidajenmu galibi abu biyu ne: mugun wurin kwana, da rashin ɗanyen ganye a lokacin rani. A kan waɗannan ne wannan ɗan littafi zai yi wa jama'a bayani.

Asalinsa

Ko da yake Hausawa na kiransa ɓeran Masar, dabbar ba daga Masar ta fito ba. Haka ma masara: sunanta na nuni ga Masar, alhali kuwa asalinta daga nahiyar Amurka ne. Ɓeran Masar ya fito ne daga duwatsun Andes da ke Amurka ta Kudu, wajajen ƙasashen Peru da Boliviya, inda mutane suka fara kiwonsa shekaru dubbai da suka wuce, kuma har yau suna cin namansa. Jiragen ruwan Turawa ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16. A nan Afirka ana kiwonsa sosai a Kamaru da Kwango. A ƙasarmu kuwa, ban da kiwon gida, yana cikin ƙananan dabbobin da ake aikin bincike da su a wurare irin Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da aka kafa a Vom a 1924.

Sanin asalin nan yana da amfani. Dabba ce ta kan tudu, mai son sanyi-sanyi da busasshen wuri. Ta fi jin daɗi idan zafi yana tsakanin digiri 18 da 24. Garin Jos yana kan tudu mai tsawon wajen mita 1,200 daga gaɓar teku, don haka yanayinsa ya dace da ita fiye da na yawancin garuruwan Arewa. Ba mamaki, domin dankalin Turawa da ake nomawa a Bokkos da Mangu shi ma daga waɗancan duwatsu na Andes ya fito.

Kada sunan ya ruɗi mai karatu. Halinsa daban yake da na ɓeran gida. Ba ya hawan bango, ba ya yin tsalle mai nisa, ba shi da wutsiya, ba ya cin nama, kuma da wuya ya ciji mutum. Matsoraci ne ƙwarai, ba shi da wata kariya sai gudu da ɓuya.

Ɗakinsa

Kwali bai isa ɗaki ba. Fitsari kan jiƙa shi cikin kwana biyu, kyanwa kuma ta yaga shi cikin dare ɗaya. A sa kafinta ya yi akwati na katako mai tsawon ƙafa 4 da faɗin ƙafa 2, watau wajen santimita 120 da 60, tsayinsa kuma ƙafa 1 da rabi. Wannan na dabba biyu ne, kuma shi ne mafi ƙanƙanta da ya kamata. In an sami fili a ƙara. A rufe baya da gefe biyu da katako, gaba da murfi kuwa a sa waya mai ƙananan idanu wadda ɓera da gafiya ba za su iya ratsawa ba, domin su ne ke cinye jarirai.

Daɓen akwatin lalle ne ya zama na katako shafaffe. Masu kiwon zomo sun saba da daɓen waya don kashi ya zube ƙasa, sai su yi wa ɓeran Masar irinsa. Wannan kuskure ne babba. Tafin ƙafarsa ba shi da gashi kamar na zomo, waya takan ci shi har ya yi miki mai wuyar warkewa, wani lokaci ma ƙafar ta maƙale ta karye. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko sassaƙen katako mai kaurin yatsa uku, a ɗora busasshiyar ciyawa ko karan acca a kai. Garin katako mai laushi da ake kwasowa daga wurin masu yankan katako ba shi da kyau, ƙurarsa na shiga hanci da ido. A kwashe inda ya jiƙe kullum, a sake shimfiɗar duka sau ɗaya ko biyu a mako. In an buɗe murfi wari ya bugi hancin mutum, to, a tuna hancin dabbar a kan shimfiɗar yake dare da rana, kuma daga nan ciwon huhu ke farawa. Abin da aka kwashe taki ne mai kyau ga lambu.

A ɗora akwatin a kan ƙafafu masu tsayin ƙafa 2, a tsoma kowace ƙafa cikin gwangwani mai ɗan baƙin mai, don kwarkwasa. A ciki a kifa tsohuwar tukunyar ƙasa da aka fasa wa ƙofa, ko ƙaramin akwati, kowace dabba da nata, domin su sami wurin ɓuya. Wanda ba shi da maɓoya kullum a firgice yake, ba ya cin abinci sosai.

Inda za a ajiye akwatin ya danganta ga gari. A Jos da kewaye, abin tsoro shi ne iskar hunturu ta Disamba da Janairu, lokacin da sanyin dare kan sauka har ƙasa da digiri 10 wani zubin, sai kuma feshin ruwan damina daga Afrilu zuwa Oktoba. A juya bayan akwatin wajen da iska ke fitowa, a ƙara ciyawar shimfiɗa, da dare a rufa buhu a gaba, amma a bar 'yar kafa. A Sakkwato da Katsina da Maiduguri kuwa zafi ne abokin gaba. Ɓeran Masar ba ya gumi, kuma idan zafi ya haura digiri 30 yana iya mutuwa cikin 'yan awoyi, musamman mace mai ciki. Daga Maris zuwa Mayu kada a bar shi ƙarƙashin rufin kwano. A kai shi inuwar itace ko ɗakin ƙasa, a ajiye masa randa mai ruwa a gefe ya jingina da ita.

Kada a haɗa shi da zomo ko kaji. Zomo kan harbe shi da ƙafar baya, kuma yana ɗauke da wata ƙwayar cuta a hancinsa wadda ba ta cika damunsa ba, amma tana jawo wa ɓeran Masar ciwon huhu. Kada kuma a ajiye guda ɗaya tak, domin dabba ce mai zaman garke.

Abincinsa

A nan ne aka fi yin kuskure, saboda haka a karanta da natsuwa.

Akuya da zomo da kare duk jikinsu yana haɗa wa kansa sinadarin bitamin C. Ɓeran Masar ba ya iyawa, kamar yadda ɗan Adam ba ya iyawa. Dole ya same shi daga abinci, kuma jikinsa ba ya adana shi. A 1907 ne wasu likitoci biyu a ƙasar Norway, Axel Holst da Theodor Frolich, suka ciyar da ɓerayen Masar da hatsi zalla, sai suka ga sun kamu da cutar nan da ta daɗe tana kashe matuƙan jirgin ruwa waɗanda suka yi watanni ba su ci ɗanyen ganye ba. Da suka ba su kabeji da ruwan lemon tsami sai cutar ta kau. Abin da likitocin nan suka yi da gangan don bincike, shi ne yaranmu ke yi ba da saninsu ba: ciyawa ta bushe, sai a koma ba dabbar dusa da ragowar tuwo kawai. Cikin mako 2 zuwa 3 alamu su bayyana. Gashi ya hargitse, gaɓoɓi su kumbura, dabbar ta riƙa tafiya da ƙyar tana kuka in an taɓa ta, dasashi ya yi jini, ta daina ci. Mutane su ce sanyi ne ya kama ta.

Maganin abin kuwa ba shi da tsada, balle ga mutanen Jos da Allah ya yi wa arzikin kayan lambu rani da damina. Kowace babbar dabba a ba ta cikin hannu guda na ɗanyen ganye kullum, rabi da safe rabi da yamma. Tattasai, kore ko ja, yana kan gaba wajen wannan sinadari, ɗan yanki ya isa. Gwaba ma haka. Ganyen karas, da ganyen dankalin Hausa, da ɗanyen ɓawon masara, da ganyen kabeji na waje wanda 'yan kasuwa ke ɓarewa su zubar a kasuwar Farin Gada, duk abinci ne. Sai dai kabeji a riƙa ba da shi kaɗan-kaɗan, yawansa na kumbura ciki. Karas da 'ya'yan itace a ɗauke su kamar alewa, sau biyu a mako ya wadatar. Idan ganye ya gagara, a raba ƙwayar bitamin C mai miligiram 100 gida huɗu, a niƙe kashi ɗaya a barbaɗa a kan abinci kowace rana. Zuba shi cikin ruwan sha ba ya amfani sosai, ƙarfinsa kan tafi da sauri.

Duk da haka ganye mahaɗi ne. Tuwon ɓeran Masar ciyawa ce, kuma kada a bar akwatin babu ita ko da awa guda. Dalili biyu ne. Na farko, haƙoransa 20 ne, kuma dukansu suna tsiro muddin ransa. Taunar ciyawa ce ke rage su. In ya rasa abin tauna, sai su yi tsawo har su hana shi ci, a ga yawu na zuba a haɓarsa. Na biyu, hanjinsa yana so ya riƙa aiki ba tsayawa. Kiri-kiri da harkiya da kyasuwa tun tana ƙarama duk suna da kyau. Mai hankali ya yanki ciyawa a ƙarshen damina kafin ta tsufa, ya shanya ta a inuwa, ya ɗaure ya ajiye inda ruwa ba ya taɓawa. Wadda ta yi funfuna a zubar. Harawar wake da ta gyaɗa tana gina jikin ƙanana da mata masu ciki ko shayarwa, amma ga manya a rage, yawanta na iya jawo tsakuwa a mafitsara. Dusa cokali ɗaya a rana ta isa.

Akwai abubuwan da ba a ba shi ko kaɗan: ganyen dankalin Turawa da ɓawonsa da ya yi kore, ganyen tumatir, albasa, tafarnuwa, attarugu, fiya, ɗanyen rogo da ɓawonsa, da duk abincin da aka dafa da gishiri ko mai. Wannan dabba ba ta iya amai, abin da ya shiga cikinta ya shiga ke nan. A wanke kayan lambu da kyau saboda maganin feshi, kada kuma a yanko ciyawar bakin titi ko ta bakin kwata. Sabon abinci a fara da kaɗan, musamman ɗanyar ciyawar farkon damina, wadda kan sa zawo.

Wasu na cewa ɓeran Masar ba ya shan ruwa. Yana sha. A zuba masa mai tsabta kullum a cikin kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba. In kuma an ga yana lanƙwasawa yana cin wani kashi mai taushi daga jikinsa, kada a hana shi, halittarsa ce, kuma yana samun amfani a ciki.

Haihuwa

Mace takan yi ciki na kwana 59 zuwa 72, ta haifi 'ya'ya 1 zuwa 6, galibi 3, da gashinsu, idonsu a buɗe. A yaye su bayan mako 3, a raba maza da mata nan take, domin suna balaga tun suna wata guda. A fitar da uban kafin haihuwa, don mace na iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu, wannan kuwa yana karya ta. Macen da ta wuce wata 7 ba ta taɓa haihuwa ba, ƙashin ƙugunta kan ƙage, haihuwar fari ta zame mata haɗari. Wanda ba ya son yawa sai ya ajiye mata biyu kawai.

Ga iyaye

Kada a sakar wa ƙaramin yaro wannan aiki shi kaɗai. A koya masa ɗaukar dabbar da hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙarƙashin ƙugu, yana zaune, domin faɗuwa daga hannu na karya mata baya. Ya wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa ta ko ya share akwatin, saboda makero da cututtukan ciki da kan ratsa daga dabba zuwa mutum.

Ɓeran Masar da ya wuni bai ci komai ba yana cikin haɗari, kada a jira gobe. Kada kuma a sayo masa magani a kemis. Fenisilin da danginsa, irin su kafso ɗin amfisilin da mutane suka saba sha, guba ne gare shi, suna kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji. A sa shi cikin kwando da 'yar ciyawa, a kai shi asibitin dabbobi mafi kusa, a gaya wa likita abin da ya ci cikin makon nan.