Shin Kimiyya Za Ta Iya Kawar da Tsufa da Mutuwa?

A ranar 3 ga Satumban 2025, gab da fara faretin soja a birnin Beijin don cika shekara 80 da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, na'urar da ke watsa taron kai-tsaye ta ɗauko wata hira tsakanin Shugaban Rasha Vladimir Putin da Shugaban Sin Xi Jinping. Dattawan biyu, kowannensu yana da shekara 72 a lokacin, suna tafe suna zancen tsawon rai. Ta bakin tafinta, Putin ya ce ana iya yi wa mutum dashen sassan jiki a kai a kai, wataƙila har a kai ga rashin mutuwa. Xi ya amsa da cewa akwai masu hasashen cewa a wannan ƙarni ɗan Adam zai iya kaiwa shekara 150.

Maganar ba ta tsaya a baki ba, domin an zuba mata dukiya mai yawa. A 2013 kamfanin Google ya kafa Calico don binciken tsufa. A 2022 aka ƙaddamar da Altos Labs a Amurka da jarin dala biliyan 3. Ƙasar Saudiyya ma tana da gidauniyar Hevolution da ke ɗaukar nauyin irin wannan bincike. Labaran suna iso gidajenmu ta waya, ɗalibanmu suna karantawa, wasu kuma suna tambaya cikin damuwa: idan masana suka yi nasara, ina makomar abin da Alƙur'ani ya faɗa game da mutuwa? Kafin mu amsa, wajibi ne mu rarrabe abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa: tsawon rai, jinkirta tsufa, da dawwama.

Abin da aka riga aka cim ma

A wajajen 1900, matsakaicin shekarun da ake sa ran jariri zai yi a duniya bai wuce 32 ba. A yau ya kai kusan 73. Wannan babbar ni'ima ce, amma ba ta hanyar maganin tsufa aka same ta ba. Alluran rigakafi, ruwan sha mai tsabta, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da kula da mata wajen haihuwa su ne suka hana miliyoyin yara mutuwa tun suna goye. Mutane da yawa ne suka samu damar kaiwa tsufa, shi kuwa tsufan yana nan yadda yake.

Iyakar sama ma ba ta gusa ba. Mutumin da aka tabbatar da takardu cewa ya fi kowa daɗewa a wannan zamani ita ce Jeanne Calment, Bafaranshiya da aka haifa a 1875, ta rasu a 1997 tana da shekara 122 da kwana 164. Duk da ci gaban likitanci tun daga lokacin, ba a tabbatar da wani da ya cika ko 120 ba. Tun a 1825 wani masanin lissafi a Ingila, Benjamin Gompertz, ya nuna cewa haɗarin mutuwa yana hauhawa da shekaru bisa tsari mai kama da doka. A lissafin yau, bayan mutum ya haura 30, haɗarin yana ninkawa kusan duk shekara takwas.

Me ya sa jiki ke tsufa?

Jikinmu an gina shi da ƙwayoyin halitta da ke rabuwa gida biyu don maye gurbin waɗanda suka lalace. An daɗe ana zaton za su iya rabuwa ba iyaka, har sai 1961 da Leonard Hayflick da abokin aikinsa Paul Moorhead suka nuna a Amurka cewa lafiyayyar ƙwayar ɗan Adam tana rabuwa kimanin sau 50 ne, sannan ta tsaya. Daga baya aka gano ɗaya daga cikin dalilan. A kan kowane bakin zaren gado da ke cikin ƙwayar akwai wani kariya da ake kira telomiya, mai aiki irin na kalmasar da tela ke yi wa bakin zane don kada ya zare. Duk rabuwa ɗaya tana rage tsawonta, idan ta gajarce sai ƙwayar ta daina rabuwa. Masana uku, Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak, sun samu lambar yabo ta Nobel a 2009 saboda bayanin telomiya da sinadarin da ke sake tsawaita ta.

Mai karatu zai ce, to me zai hana a kunna wannan sinadari a duk jiki? A nan gizo ke saƙar. Mafi yawan nau'o'in sankara, wato ciwon daji, da wannan sinadarin suke tsere wa iyakar da aka sa wa ƙwaya. A 1951 wata mata baƙar fata a birnin Baltimore na Amurka, Henrietta Lacks, ta rasu tana da shekara 31 sakamakon sankarar bakin mahaifa. Ƙwayoyin da aka ɗiba daga ƙarin da ke jikinta, ba tare da an nemi izininta ba, har yau suna rabuwa a ɗakunan bincike a faɗin duniya, an ma yi amfani da su wajen gwajin rigakafin shan-inna. Masana suna kiran su ƙwayoyin da ba sa mutuwa. Sai dai su ne suka kashe mai su. Iyakar da ke sa ƙwaya tsufa ita ce kuma ɗaya daga cikin garkuwar da ke tsare mu daga sankara.

Tsufa kuma ba cuta guda ba ce da za a nema mata ƙwaya guda. Zaren gado yana tara kurakurai, sassan da ke samar wa ƙwaya kuzari suna raunana, gurɓatattun sinadarai suna taruwa a ƙwaƙwalwa, garkuwar jiki tana ja da baya, duk a lokaci ɗaya. Kamar tsohon ginin ƙasa ne a damina: ana yaɓen wannan bango, wancan yana zuba.

Daga ɗakin gwaji zuwa jikin mutum

Ba za mu raina abin da masana suka samu ba. Tun 1935 Clive McCay ya nuna cewa ɓerayen da aka rage wa abinci ba tare da tauye musu sinadarai masu gina jiki ba sun fi daɗewa. A 1993 Cynthia Kenyon ta sauya ƙwayar gado guda a jikin wata 'yar mitsitsiyar tsutsa, sai kwanakinta suka ninka. A 2009 aka ga maganin rapamaisin yana ƙara wa ɓeraye tsawon rai. Shinya Yamanaka na Japan kuwa ya nuna a 2006 cewa da sinadarai huɗu ana iya mayar da ƙwayar da ta manyanta tamkar ta ɗan tayi, aikin da ya ba shi Nobel a 2012.

Amma tsutsar 'yan makonni take rayuwa, ɓera kuma 'yan shekaru. Rapamaisin yana danne garkuwar jiki, shi ya sa ake ba wa waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Sinadaran Yamanaka, da aka kunna su ba ƙaƙƙautawa a jikin ɓeraye masu rai, ƙari suka haifar. Zuwa yau babu maganin da aka tabbatar yana tsayar da tsufan ɗan Adam. Dashe ma yana da iyaka: ana sauya ƙoda da hanta da zuciya, amma ba a sauya ƙwaƙwalwa, wadda ita ke riƙe da tunanin mutum da sanin kansa. Akwai kuma masu biyan kuɗi a daskarar da gawarsu da fatan a tashe su nan gaba. Na farkonsu, James Bedford, an daskarar da shi a 1967, yana nan ajiye a jihar Arizona, kuma ba a taɓa farfaɗo da ko mutum ɗaya ba.

Ina Musulunci ya tsaya?

Tsawon rai ba baƙon abu ba ne a Alƙur'ani. Aya ta 14 ta Suratul Ankabut ta ba mu labarin zaman Annabi Nuhu (AS) cikin mutanensa na shekara 950. Don haka da za a wayi gari mutane suna kaiwa 150, babu abin da ya taɓa aƙidarmu. Sababi ne da Allah Ya hore, kamar yadda Ya hore rigakafi.

Neman magani ma abin kwaɗaitarwa ne. A hadisin Usama bin Sharik (RA), wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, wasu mutanen ƙauye sun tambayi Manzon Allah (SAW) ko su nemi magani. Ya umarce su da su nema, ya sanar da su cewa kowace cuta tana da waraka, sai ya cire abu guda daga ciki: tsufa. Hadisin yana ba mu labarin iyakar magani ne, bai hana a yi wa tsoho aikin yanar ido ko a daidaita masa hawan jini ba. Wannan bai saɓa wa imani da ajali ba. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya fasa shiga Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya bayyana cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take.

Dawwama a duniya kuwa ƙofarta a rufe take. Aya ta 185 ta Suratu Ali Imrana ta yanke mutuwa a kan kowane mai rai, aya ta 34 ta Suratul Anbiya ta tabbatar da cewa ba a ba wani ɗan Adam tabbata a duniya ba. Hankali ma bai musa wannan ba, domin ko da za a kawar da tsufa, hatsarin mota da annoba da yaƙi suna nan. Hausawa sun ce idan ajali ya yi kira, ko babu ciwo sai a je. Ya kamata mu tuna cewa alkawarin rashin mutuwa tsohuwar haja ce: da shi Iblis ya ja hankalin Annabi Adamu (AS) zuwa ga bishiyar da aka hana shi, kamar yadda ya zo a aya ta 120 ta Suratu Ɗaha. Sha'awar dawwama tana cikin halittarmu, addini bai ƙaryata ta ba, sai dai ya nuna mana cewa gidanta Lahira ne.

Abin da ya rage a hannunmu

Yayin da attajiran duniya ke zancen shekara 150, ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna matsakaicin tsawon rai a Najeriya bai wuce shekara 55 ba, alhali a Japan ya kai 84. Tazarar shekara kusan 30 ɗin nan ba ta jiran wani sabon gano. Zazzaɓin cizon sauro, mutuwa wajen haihuwa, gurɓataccen ruwa da hawan jinin da ba a auna ba su ne ke cinye ta, kuma duk an san maganinsu. Kuɗin da magidanci zai kashe kan wani haɗi da ake tallatawa da sunan mai mayar da tsoho yaro, gara ya sayi gidan sauro, ya kai mai ciki awo, ya auna wa mahaifiyarsa jini.

Ɗalibanmu kuma kada tsoro ya hana su wannan fage. Likitan da ya gano yadda za a rage wa tsofaffi ruɗewar tunani ya yi hidima a kan abin da Annabi (SAW) da kansa ya nemi tsari daga gare shi, wato kaiwa ga mafi ƙasƙancin shekaru. Tirmizi ya ruwaito cewa da aka tambaye shi wane ne mafi alherin mutane, ya haɗa tsawon rai da kyawun aiki. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa sada zumunci yana daga sababan yalwar arziki da jinkirin ajali, abin da wasu malamai suka fassara da albarkar kwanaki.

Tsofaffin da ke ɗakunanmu a yau ba za su ci gajiyar binciken da ake yi a kan ɓeraye ba. Abin da suke buƙata shi ne wanda zai kai su asibiti, ya yi haƙuri da maimaita maganarsu, ya tausasa musu harshe kamar yadda Suratul Isra'i ta umarta. Allah Ya yi wa rayuwarmu albarka, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani.