Jarrabawar JAMB da Hannun da Bai Saba da Kwamfuta Ba

Tun shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta yi sallama da takarda da fensir, ta wajabta wa duk mai neman shiga jami'a a Nijeriya ya zauna gaban kwamfuta, sanin sarrafa na'ura ya tashi daga matsayin mustahabbi ya zama farilla, ko da yake makarantu da dama har yau riƙon nafila suke yi masa. Hujjar hukumar kuwa ba mai rauni ba ce, domin a zamanin takarda satar amsa ta yi katutu, tambayoyi kan fita kafin ranarsu, sakamako kuma sai an yi ta dakonsa, alhali yanzu cikin 'yan kwanaki ɗalibi kan ga makinsa ta saƙon waya.

Sai dai nauyin wannan maslaha bai sauka a kan kowa daidai ba. Yaron da ya yi makarantar kuɗi a Kaduna ko Abuja, tambayoyi 180 ne kaɗai ke gabansa cikin awa 2. Amma wanda ya fito daga makarantar gwamnati ta ƙauye, inda rashin wuta da rashin kayan aiki suka sa malam ya zana hoton kwamfuta da alli, ya ce a haddace sunayen sassanta, shi jarrabawa biyu yake yi lokaci guda, kuma sau da yawa firgicin na'ura kan cinye masa lokacin da zai nuna haziƙancinsa a lissafi ko kimiyya. Hukumar ta lura da haka, har a 2017 ta shigo da jarrabawar gwaji, ta kuma sauƙaƙa amsawa da maɓallai 8 kacal. Wannan ya rage fargaba, bai kawar da jahilcin na'ura ba. Abin da ya bunƙasa shi ne kasuwar masu horon mako biyu, waɗanda iyaye ke biya, talaka kuwa yana kallo.

Wasu na da'awar cewa wayar hannu ta riga ta magance matsalar. A ganina wannan ƙiyasi ne gurgu, domin iya leƙa WhatsApp da TikTok daban, iya buga rubutu, da binciko mas'ala a intanet, da bambance sahihin labari da ƙagagge daban. Malamanmu na zaure ba su yarda almajiri ya nutsa cikin tafsiri ba sai ya ƙware a nahawu da lugga, saboda su ne kayan aikin fahimta, kuma wannan matsayi ne kwamfuta ta taka a karatun boko.

A 2024 hukumar WAEC ma ta soma jarraba ɗalibai masu zaman kansu ta kwamfuta, wato lamarin ya gangaro sakandare, inda malamin da ake sa ran ya koyar da na'urar, shi kansa galibi ba a taɓa horar da shi a kanta ba.