Ɗaukar Hoto Ga Ɗan Koyo: Abin Ɗauka, Gyara Da Wanki

A da can, idan ana biki ko suna, ko kuwa ranar hawan Salla, sai an aika a kira mai hoto. Shi ne zai zo da kyamara rataye a wuya, ya jera mutane, ya ɗauka, sa'an nan ya koma ɗakin duhu ya wanke, bayan kwana biyu ko uku ya kawo a biya shi. Da yawa daga cikin hotunan nan suna nan har yau a albam ko a jikin bango, sun shekara arba'in ko hamsin. Yanzu kuwa kusan kowa mai hoto ne, tun da yake wayar da ke aljihunsa tana ɗauka. Amma abin mamaki, gidan da ke da hoton kakansu na 1970 sau da yawa ba su da hoton sunan yaron da aka haifa shekara biyar da suka wuce, domin wayar da aka ɗauka da ita ta faɗa ruwa, ko an sace ta, ko kuwa an goge don a sami wuri. Saboda haka duk mai sha'awar wannan aiki ya kamata ya yi shawara a kan abu uku tun kafin ya taɓa aljihunsa, watau abin ɗauka, da abin gyara, da hanyar wanki.

Daga Akwati Zuwa Waya

Cikin 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto da Louis Daguerre ya gano a Faransa, amma aka shekara kusan hamsin aikin yana hannun gwanaye masu sanin haɗa magunguna. George Eastman na Amurka shi ne ya sauko da shi ga kowa da kowa. Cikin 1888 ya fito da akwatin Kodak a kan dala 25, da fim na hoto 100 a ciki. Idan fim ya ƙare sai mutum ya mayar da akwatin kamfani, a wanke masa, a sa sabon fim. Cikin 1900 kuma aka fito da Brownie a kan dala 1 tak.

Irin wannan ƙaramin akwati ne ya yi rainon waɗansu mashahuran masu hoto na Afirka ta Yamma. Seydou Keïta na Bamako ya fara da Brownie da wani ɗan'uwan iyayensa ya ba shi cikin 1935, ya kuma buɗe shagonsa cikin 1948. Haka nan J.D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya ya sayi Brownie cikin 1950 yana ɗan shekara 20, daga baya ya ɗauki hotunan kitson matan ƙasar nan wajen 1,000, aikin da ya soma cikin 1968. Dukansu biyu ido suka fara horarwa kafin su mallaki kayan tsada.

Cikin 1975 wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda ba ta bukatar fim. Nauyinta ya kai kilo uku da rabi, tana kuma cin daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda a kaset. Wannan ƙirƙira ita ce ta kashe kasuwar fim, har kamfanin ya nemi kotu ta kare shi daga masu bin sa bashi cikin Janairun 2012.

Abin Ɗauka

Abin da mai shago ya fi yi wa mai saye kirari da shi shi ne yawan megafiksel, watau miliyoyin ɗigon da suka haɗu suka zama hoto. To, lissafin ba shi da wuya. Hoto mai kyau a takarda yana bukatar ɗigo 300 a kowane inci. Hoton inci 4 da 6 ke nan yana cin ɗigo 1,200 sau 1,800, wato megafiksel biyu da 'yan kai. Mai girman takardar A4 kuwa bai kai tara ba. Ashe kyamara ko waya mai megafiksel 12 ta wadatar da yawancin bukatun gida.

Inda bambancin yake shi ne girman faifan da ke karɓar haske a cikin kyamara, da kuma ingancin gilashin da ke bakinta. Faifan manyan kyamarori milimita 36 ne da 24, daidai da fim na da. Na matsakaita kamar milimita 23 ne da 15. Na waya kuwa yawanci bai kai farcen ɗan yatsa ba. Da rana tsaka bambancin ba ya fitowa sosai, amma a cikin ɗaki, ko wurin kamu da dare, ko idan doki ya sheƙo a guje ranar hawa, nan ne ƙaramin faifai ke gazawa.

Wanda ya ga waya ta yi masa kaɗan ba lalle ne ya sayi sabuwar kyamara ba. Tun daga 2018, lokacin da Canon da Nikon suka karkata sosai ga kyamarori marasa madubi a ciki, tsofaffin masu madubi na hannu suka yawaita a kasuwa, farashinsu kuma ya sauko. Irin wannan kyamara, haɗe da gilashi mai milimita 50 mai faɗin baki, ta isa ɗaukar fuska da taron iyali. Sai dai mai sayen na hannu ya bincika yawan hotunan da aka riga aka ɗauka da ita, gama da yawa daga cikin ƙananan an ƙera ƙyaurensu ne don buɗewa kamar sau 100,000. Ya kuma ɗaga gilashin sama ya leƙa ta cikin haske, idan ya ga zare-zare kamar saƙar gizo to fumfuna ce, ya ajiye musu abinsu.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa hukunci. Ƙurar hunturu tana shiga ciki ta zauna a kan faifai, sai ɗigo baƙi ya riƙa fitowa a wuri guda a kowane hoto, saboda haka ba a canza gilashi a fili ana iska. Laimar damina kuwa, musamman a Kudu, ita ke haifar da fumfuna, maganinta shi ne akwati mai rufuwa da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima. Batir na biyu wajibi ne inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Katin ajiya kuma a saye shi wurin amintacce, domin jabu ya yi yawa, kuma ba ya nuna halinsa sai ranar da ya cinye hotunan biki.

Gyara

Kyamara tana iya adana hoto iri biyu. Akwai JPEG, wanda aka tsara cikin 1992, shi ne dafaffe, kyamara ta riga ta yanke hukunci ta zubar da saura. Yana riƙe mataki 256 na haske a kowane launi, kuma duk lokacin da aka gyara shi aka sake adanawa sai ya ƙara raguwa. Akwai kuma RAW, watau ɗanye, mai mataki 4,096 ko 16,384. Yana cin wuri, amma da shi ake iya ceto fuskar da ta yi duhu ko rigar da haske ya wanke.

Manhajar da ta fi suna wajen gyara ita ce Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya fitar da ita cikin 1990. Ƙanwarta Lightroom ta fito cikin 2007, kuma ita ta fi dacewa da mai hotuna da yawa da ke son jera su da daidaita haskensu. Amma tun 2013 kamfanin ya koma tsarin haya, ana biya wata-wata ko shekara-shekara, abin da ke da nauyi ga mai samun Naira. Wannan ne ke tura waɗansu ga kwafin sata, wanda sau da yawa ke shigo da ƙwayar cuta cikin kwamfuta, a je neman ƙiba a samo rama.

Alhali kuwa akwai na kyauta na halal. GIMP, wadda ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley suka soma cikin 1995, tana yin mafi yawan abin da ɗan koyo zai nema. Darktable da RawTherapee suna sarrafa ɗanyen hoto. Mai aiki da waya kaɗai kuma yana da Snapseed, wadda Google ya saya cikin 2012. Koyonsu yana bukatar haƙuri, amma ba sa bukatar ko kwabo.

Akwai wata magana a nan da ta shafi baƙar fata. Tun shekarun 1950 masu wankin hoto mai launi suna daidaita injinsu da wani kati na Kodak mai hoton Baturiya, sai cikin shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da mata masu launin fata dabam-dabam. Har yau idan baƙin mutum ya sa farar babbar riga ya tsaya a rana, kyamara takan bi hasken rigar ta bar fuskar cikin duhu. Maganin wannan tun wurin ɗauka yake. A kai mutum inuwa, ko a jira hantsi ko bayan la'asar, a kuma auna hasken a kan fuska. Abin da bai dace ba shi ne a zo wurin gyara a wanke fatar amarya har danginta su kasa gane ta, domin jikokinta wannan hoton za su riƙe a matsayin kamanninta.

Wanki

Hanya uku ce. Ta farko ita ce injin shagon wanki, mai aiki da takarda mai jin haske da magunguna, ita ce mafi araha idan hotunan suna da yawa. Ta biyu ita ce firinta mai fesa tawada a gida. Mai tankin tawada ta fi mai ƙaramin gwangwani sauƙin kuɗi, amma idan aka bar ta makonni ba aiki sai bakinta ya toshe. Tawadar rini tana da ƙyalli amma ta fi saurin koɗewa, mai garin launi kuwa ta fi daɗewa. Ta uku ita ce ƙaramar firinta mai narka launi da zafi, irin su Canon Selphy, wadda ke fitar da hoton inci 4 da 6 a bushe nan take.

Kurakurai uku ne suka fi ɓata wanki. Na ɗaya, allon waya ko kwamfuta yana da haske nasa na kansa, takarda kuwa ba ta da shi, shi ya sa hoto kan fito da duhu, sai a rage hasken allo wurin gyara, a kuma gwada guda ɗaya kafin a ba da ɗari. Na biyu, yawancin hoton waya tsawonsa da faɗinsa 4 ne da 3, takardar inci 4 da 6 kuwa 3 ce da 2, idan mutum bai yanka da kansa ba injin zai yanke hula ko ƙafa. Na uku, WhatsApp yana matse hoto, saboda haka wanda za a kai wanki a tura shi a matsayin takarda, ko a kai shi a kati.

Bayan wanki sai ajiya. Rana da laima su ne abokan gaban hoto, liƙe shi cikin leda da zafi kuwa ba ya warwaruwa idan an yi da-na-sani. A rubuta sunaye da shekara da fensir a bayansa. Na cikin waya kuma a ajiye shi wuri uku, ɗaya daga ciki ba a gida ɗaya da sauran ba. Masu dogara ga Google Photos su tuna cewa tun Yunin 2021 aka daina ajiya kyauta marar iyaka, gigabait 15 ne rabon kowa.

Seydou Keïta ya adana dubban nagatif ɗinsa shekara da shekaru, shi ya sa da aka neme su cikin shekarun 1990 aka same su, aka sake wankewa aka nuna a Faris. Mai Naira kaɗan a hannu zai fi cin riba idan ya fara da wayar da yake da ita da manhaja ta kyauta, ya sayi abin ajiya na biyu, sa'an nan kowace shekara ya zaɓi hoto ashirin ko talatin ya kai a wanke masa.