Murya Ma Ɗinki Ce

Duk telan da ke Takur ya san ba a miƙa wa yaron shago almakashi a ranar da ya zo. Sai ya yi watanni yana guga, yana sa maɓalli, yana share ƙyallaye, kafin maigida ya yarda ya taɓa shaddar mutane. Haka 'yan Jafan suka ɗauki sana'ar sa murya a katun ɗinsu da ake kira anime, irin su Naruto da One Piece da samarinmu ke karɓowa wurin masu turi a waya.

A can akwai makarantun koyon murya. Wanda ya fito, ya yi sa'a wani kamfani ya ɗauke shi, da ƙananan ayyuka yake farawa: hayaniyar kasuwa, ihun sojan da aka harbe, mai gadin da zai ce "wane ne?" ya ɓace. Sa maɓalli ke nan. A ɗakin naɗar murya kuma 'yan wasan kan taru gaba ɗaya, makirfo uku ko huɗu a gabansu, kowa ya matso ya faɗi nasa ya ja baya ba tare da takalminsa ya yi ƙara ba. Sau da yawa ma zanen bai kammala ba, 'yan layuka ne kawai a allon. Tela ne aka ba awo a takarda, bai ga mai rigar ba, kuma dole rigar ta zauna.

Abin da ya fi burge ni shi ne daɗewa. Masako Nozawa, wadda aka haifa a 1936, ita ke yin muryar Goku na Dragon Ball tun 1986, har ta haɗa da 'ya'yansa Gohan da Goten. Mayumi Tanaka na riƙe da Luffy na One Piece tun 1999, Junko Takeuchi ta ɗauki Naruto a 2002. Duka ukun mata ne, duk da jaruman maza ne, domin muryar yaro namiji tana fashewa idan ya balaga, ta mace kuwa tana nan. Mai kallon da ya bi Naruto daga farko zai ji yadda Takeuchi ta rage tsiwar yarinta, ta saukar da muryar sannu a hankali har jarumin ya zama magidanci a ci gaban labarin mai suna Boruto. Telan da ya shekara ashirin yana yi maka ɗinki ba ya ɗauko tef, kallo ɗaya zai yi ya ce, "Alhaji, an ƙara ƙiba, bari in saki gefe." Shi ya sa da aka sauya masu muryar katun ɗin Doraemon a 2005, bayan Nobuyo Oyama ta riƙe jarumin tun 1979, mutane da yawa suka yi ta ƙorafi kafin kunne ya saba.

Mu ma muna da wannan sana'a, sai dai da finafinan Indiya muka fara. Fassarar kamfanin Algaita daga Kano ta shiga kowane lungu, tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ita ma ta sa wa shirye-shiryen waje Hausa. Kuma a gaskiya an ci gaba. Hausa ta fi Indiyanci jan magana a wasu wurare, saboda haka mai murya sai ya datse jimla ta ƙare daidai lokacin da jarumi ya rufe baki, kuma gwanayen cikinsu sun iya wannan yanka. Sun iya kirarin bos, sun iya baƙar magana, har yara na maimaita kalamansu a filin ƙwallo.

Inda nake da ja shi ne ɗinkin gaggawa irin na daren sallah. A wasu fassarorin za ka ji maƙogwaro ɗaya ya ɗauki jarumi da ubansa da ɗan sanda, bambancin kawai wannan ya yi kauri wancan ya shaƙe hanci. Wurin kuka a sa barkwanci, don ana gudun kada mai kallo ya gaji. Jarumin da ka sani da wata murya a fim ɗin jiya, yau ya fito da wata, kamar an ara masa rigar maƙwabci. Ga kuma rashin suna: ana sanin kamfani, amma kaɗan ne cikin masu kallo za su iya faɗin wanda ya yi muryar da ta sa su dariya. A Jafan tun 2007 ake ba masu murya lambar yabo ta musamman duk shekara, kuma sunan kowa na fitowa kusa da na jarumin da ya ɗauka.

Masu gidajen fassara, ku rubuta sunayen masu murya a ƙarshen kowane fim, ku bar kowane jarumi da mutum ɗaya, ku kuma ɗauko mata da matasa ku koya musu tun daga ƙananan wurare.